Jifa Tamanin da Bakwai

Wani ya juye bokiti guda na kawunan jatan lande a bayan a-kori-kurar Merv Tolhurst, rana kuma ta riga ta yi aikinta a kansu. Daga tagar ofis, a bene, Rowan Pascoe yana jin warin. Yana tsaye da kofin shayi a hannun hagu, yana kallon tsohon a ƙasa cikin gajeren wando da takalmin roba, ya jawo tiyon ban-ruwan fili yana wanke motar. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga kai ya nemi wanda ya yi ba. Tsuntsayen teku sun jeru a kan shinge suna jiran ya matsa.

Rowan bai sauka ba. Ya ma lura cewa shayin ya yi masa daɗi.

Kwana biyu ke nan da aka fitar da kulob ɗinsu daga gasar besbol, wasan jifa da ƙwallo da bugun ta da sanda, a karawar kusa da ta ƙarshe, kuma babu wanda bai san sunan mai laifi ba a garin. Jarrod Vella, gwanin masu jifansu, ya hana baƙi maki ko ɗaya har zagaye na bakwai cikin tara. Suna gaba da biyu. Sai Merv, kocin masu jifa, ya fito daga rumfa, ya taka zuwa tudun jifa da tafiyar nan tasa ta mai ciwon ƙugu, ya rufe baki da tafin hannu, ya yi wata magana da ba ta wuce numfashi biyu ba, ya juya ya yi wa babban koci alama. Babban koci kuwa tuntuni ya bar masa harkar masu jifa, abin da ya ce shi ke nan. Aka cire Jarrod a jifa na tamanin da bakwai, mutumin da ya saba wuce ɗari yana dariya. Wanda ya maye gurbinsa aka ci shi maki biyar kafin 'yan kallo su gama zagin farko.

Ƙofa ta buɗe ba a ƙwanƙwasa ba. Glenys Rudge ce, shugabar kulob, mai kamfanin katako a hanyar tashar jiragen ruwa. Ta leƙa tagar, ta toshe hanci.

"Ban ce sun kyauta ba," in ji ta. "Amma ban ce ban fahimce su ba."

Rowan ya ajiye kofi.

"Na tambaye shi dalili jiya. Ka san abin da ya ce mini? Wai ya ga dama. Shekara ashirin da biyu kulob ɗin nan na ciyar da shi, amsar da zan samu ke nan."

"Haka yake."

"To Alhamis kwamiti zai zauna, ƙarfe biyu. Ko a sabunta masa kwantiragi, ko ya tafi kamun kifi. Lissafin wasa yana hannunka, bidiyo yana hannunka, kuma ka yi jifa a ƙarƙashinsa. Mu 'yan kasuwa ne, Rowan, ba mu san yadda ake auna irin wannan aiki ba. Abin da ka ce shi za mu ɗauka." Ta dubi hannunsa na dama, sannan ta kawar da ido. "Na san akwai tarihi tsakaninku. Ina so ka ajiye shi gefe."

"An ajiye," in ji Rowan.

Hannun na dama ba ya miƙewa gaba ɗaya. Shekara goma sha huɗu ke nan yana a tanƙware kaɗan, kamar na mai shirin gaisawa ya fasa, da tabon ɗinki tsawon ɗan yatsa a cikin gwiwar hannun. A wancan lokaci Rowan yana da shekara ashirin da huɗu, kuma wani kulob na Amurka ya fara tambayar sunansa. A wasan ƙarshe na gasa, zagaye na shida, Merv ya tako zuwa tudu, ya rufe baki, ya ce, "Yaya hannun?" Rowan ya ce, "Lafiya lau." Haka ake cewa. Mai jifa ba ya cewa komai sai wannan, ko da hannun yana reto da zare ɗaya. Wanda ya ce yana jin ciwo, a ɗakin canza kaya za a ba shi suna, kuma sunan zai bi shi har gidan giya, har bikin aurensa. Merv ya ɗaga kai ya koma rumfa. Rowan ya yi jifa ɗari da talatin da ɗaya. Suka ci kofi, shi ne kofi ɗaya tilo da ke cikin kabad ɗin gilashi a ƙasan bene. A jifa na ɗari da ashirin da takwas ne ya ji wani abu ya tsinke a gwiwar hannunsa, da ƙaramin sauti, kamar an ɓalle maɓallin riga. Bai sake jifa a gasa ba.

Kulob ya ba shi aikin ofis. Yana wuce kabad ɗin nan sau huɗu a rana.

Ranar Talata ya baje takardu a tebur ya fara auna Merv. Da ya so, da an gama kafin azahar. A shekara goma sha huɗu da suka biyo bayan kofin, masu jifan Merv ba su taɓa zama na ɗaya a hana maki ba. Kullum suna tsakiya, na uku, na huɗu. Babu kocin da yake cire mai jifa da wuri kamar sa. Wasanni goma sha tara aka rasa bayan ya cire mutumin da yake cin wasa. Duk wannan yana rubuce, baƙi a kan fari.

Sai dai akwai wani layi da babu wanda ya ce ya duba, ya kuma duba. A wannan tsawon lokaci, mutum ɗaya ne daga masu jifan Merv aka yi wa tiyata a gwiwar hannu, shi ma daga babur ya faɗo. Sauran kulob, daga mai biyar sai mai bakwai.

Ya daɗe yana kallon layin. Wasan da aka rasa yana da rana, yana da sa'a, mutum dubu biyu sun gani da idonsu. Hannun da bai karye ba kuwa ba shi da rana. Babu wanda zai iya nuna wani mai gyaran famfo da ke ɗaga 'yarsa sama da hannun dama ya ce wannan aikin Merv ne. Wataƙila ko an bar shi ya yi jifa ɗari biyu ba abin da zai same shi. Ta yaya ake yaba wa mutum a kan abin da bai faru ba? Kuma in an yaba masa, ina aka sa wanda abin ya faru a kansa?

Ya rufe kwamfuta ya tafi neman Jarrod.

Kamar yawancin 'yan wasan gida, Jarrod yana da sana'arsa: aikin wutar lantarki yake yi, besbol sai yamma da ƙarshen mako. Rowan ya same shi a kan rufin wani gida a unguwar tudu, yana ɗaura faifan sola, kwano yana tururi a ƙarƙashin takalminsa. Ya sauko ta tsani yana share gumi, ƙato, ɗan shekara ashirin da shida, wuyansa ya ƙone ja.

"In dai maganar tsohon banzan nan ce, rubuta da kyau," in ji shi. "Ka rubuta cewa ya ci mini mutunci a gaban uwata, a gaban mutanen Koriya."

Rowan ya san zancen. Wani kulob na Koriya ya turo mutum da na'urar auna gudu, ya zauna bayan raga wasa uku a jere. Kuɗin da suke magana a kai, Jarrod ba zai same shi a kan rufin mutane cikin shekara takwas ba.

"Sun fasa ne?"

"Saura ƙiris. Suka ce don me aka cire ni, ko akwai ciwo. Jiya na je aka ɗauki hoton gwiwar hannun, na tura musu. Tas. Likita ya ce hannun ɗan sha takwas. Juma'a zan sa hannu, in dai wani bai sake buɗe bakinsa ba."

"Me ya ce maka a kan tudu?"

"Ko tambayata bai yi ba. Cewa ya yi, ba ni ƙwallon. Kamar wanda ya kama ɓarawo."

"Hannun fa? A lokacin."

Jarrod ya dube shi kamar an zage shi.

"Lafiya lau. Kai ma ka fara? Kai da ya kamata ka fi kowa sanin halinsa. Ya kashe naka hannun, yanzu tsoro ya sa yana son kashe ni ta wata hanya. Ka kore shi, mutumina. Giyarka a kaina har ka mutu."

A ofis, da rana ta karkata, Rowan ya sake sa bidiyon wasan. Ya kalle shi sau da yawa tun Lahadi, kuma kullum abu ɗaya yake gani: gudun ƙwallon bai ragu ba, mil casa'in da uku a awa har jifan ƙarshe, saiti bai kauce ba. Wannan karon gajiya ce ta sa bai tsallake tsakanin jifa da jifa ba, inda ba a komai, mai jifa yana zagaya tudu yana jiran a dawo masa da ƙwallo. Bayan jifa na saba'in da tara, Jarrod ya juya wa raga baya, ya sauke hannun dama, ya goga ƙaramin yatsansa da na kusa da shi a ɗinkin wando, bayan cinya. Sau biyu, da sauri. Bayan na tamanin da biyu ya sake. Na tamanin da huɗu. Na tamanin da shida, har ya ɗan yarfe hannun.

Rowan ya tsayar da hoton. Ya ga nasa hannun a ƙarƙashin tebur, yatsu biyu suna goga wando.

Ya san abin daga ciki. Ba ciwo ba ne tukuna. Kamar kiyashi ne ke yawo a yatsun nan biyu, sannan su yi sanyi, su zama kamar na wani. Mutum yana gogawa don ya tabbatar suna nan. Hoton asibiti ba ya nuna shi. Shi ya fara jin nasa a zagaye na biyar na wasan kofi.

Ya zauna har mai shara ta zo ta tambaye shi ko za ta kulle.

Da safiyar Laraba ya sami Merv a fili shi kaɗai, durƙushe a kan tudun jifa, yana cike ramin da ƙafafun masu jifa suka haƙa da jar laka, yana dannawa da gindin sanda. Ba aikinsa ba ne, kuma kakar wasa ta ƙare. Fararen aku suna ta kururuwa a kan fitilun fili.

"Alƙali ya iso," in ji Merv, bai ɗago ba. "Ka zo da igiyar, ko sai gobe?"

"Yatsu biyu. Bayan cinya."

Sandar ta tsaya. Merv ya miƙe a hankali, yana dafa gwiwa. Idanunsa ƙanana ne, fatar fuskarsa duk tabon inda likita ya ƙone masa cizon rana.

"Kwana uku ya ɗauke ka. Da duk na'urorinka."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Glenys? Kwamitin nan mutum tara ne, bakinsu goma sha takwas. Guda yana shan giya da dillalin Jarrod. In na ce gwiwar hannu ranar Alhamis ƙarfe biyu, kafin ƙarfe huɗu an ji a Koriya. Ba ruwansu da hoto, kalma ɗaya ta ishe su. Suna da mutum hamsin a layi."

"Shi Jarrod fa?"

"Na gaya masa a ɗakin canza kaya. Na ce jijiya ce ta fara kuka, ya huta wata uku, ya daina sauke gwiwar hannu wajen jifa in ya gaji, ba abin da zai same shi. Ya zagi uwata, wadda ta yi shekara talatin a ƙasa. Yanzu ko wayata ba ya ɗauka."

Rowan ya matso kusa da tudun. Abin da ya kawo shi ba wannan ba ne, kuma dukansu sun sani.

"Ni ma na goga," ya ce. "A wasan kofi."

"Ka goga."

"Ka gani?"

"Tun zagaye na biyar. Sau goma sha ɗaya na ƙirga."

Shekara goma sha huɗu Rowan yana gaya wa kansa cewa tsohon jahili ne, bai san aikinsa ba, ya tambaya aka ba shi amsa ya yarda. Da wannan ƙiyayyar ya saba, ta zauna masa daidai kamar tsohon takalmi. Yanzu an cire masa ita an ba shi wata wadda ta fi nauyi.

"Ka gani, ka bar ni."

"Na tambaye ka, ka ce lafiya lau."

"Kowa haka yake cewa."

"Na sani. Shi ya sa na tambaya." Merv ya tofar da yawu gefe. "Ina son kofin. Ina da shekara hamsin da uku, ban taɓa cin komai ba, kuma babu wani a benci da zai iya riƙe wasan. Na ce in na tambaye ka ka ce lafiya, to kai ka faɗa, ba ni ba. Ka ga ai na samu. Yana can cikin gilashi, kana goge masa ƙura."

"Allah ya tsine maka, Merv."

"Ka makara, ya daɗe da yi. Tun daga kanka ban sake tambayar kowa ba. Ina kallo, in na gani in karɓi ƙwallo. Kada ka ɗauka haƙuri nake ba ka. Haƙuri ba ya miƙe hannu."

"Ka san zan iya ceton ka gobe? Minti ɗaya na bidiyo. In nuna musu, in nuna musu wannan," ya ɗaga gwiwar hannunsa mai tabo, "babu wanda zai ɗaga hannu a kore ka."

"Na sani. Kuma ba za ka yi ba."

"Umarni kake ba ni?"

"Roƙo ne, in ka fi son sunan. Kada ka ambaci yatsun nan." Ya ɗan yi murmushi marar daɗi. "Ai ya kamata ka yi murna. Ba kullum ake samun abin da zuciya ke so ya zo daidai da abin kirki ba."

Ya sake durƙusawa, ya ɗebi laka. Rowan ya tsaya yana kallon ƙeyarsa, inda gashi ya ƙare fata ta yi laushi kamar ta jariri. Ya yi tunanin sandar da ke kwance a gefe. Sannan ya juya ya tafi.

Duk yinin ranar ya yi ta juya maganar, ba ta zauna masa ta ko'ina ba. In ya yi magana, ya ceci mutumin da ya sayar da hannunsa da sani, ya kuma rufe wa Jarrod ƙofar da shi kansa aka rufe masa. In ya yi shiru, Jarrod ya samu, Merv ya tafi, kuma Merv ɗin ne ya roƙa. Babu wanda zai zarge shi, har shi kansa. Abin da ya dame shi ke nan. Shirun ya yi masa sauƙi da yawa, ya yi daɗi a baki tun bai yi shi ba. Ya kuma san akwai hanya ta uku: ya ɓoye yatsun, amma ya tsaya a kan layin tiyata, ya yi faɗa da shi, ya ce mutumin da ya kai hannaye da yawa gida lafiya ya cancanci a yarda da idonsa ko bai ba da dalili ba. Wataƙila ta yi aiki, wataƙila ba ta yi ba. Ya rubuta layin a shafi na huɗu, can ƙasa.

Ranar Alhamis zafi ya kai digiri arba'in da ɗaya. Na'urar sanyaya ɗakin taro tana ɗigar da ruwa a cikin bokiti. Mutum tara suna zaune, a tsakiyar tebur akwai faranti na burodi da naman sosej da gasasshiyar albasa, wanda babu mai sha'awar taɓawa. Merv yana kujerar ƙarshe, ya sa farar riga mai dogon hannu, an goge ta, hularsa a kan gwiwa. Rowan bai taɓa ganinsa da gogaggiyar riga ba sai a jana'iza.

Ya karanta rahoton a tsaye. Na uku, na huɗu, na uku, na huɗu. Wasanni goma sha tara. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Da ya zo shafi na huɗu ya karanta layin tiyata da muryar da ya karanta sauran, ya wuce. Wani mai sayar da motoci a gefen taga ya ce sa'a ce kawai, ai hannu ko ya karye ko bai karye ba. Rowan bai musa masa ba.

Glenys ta cire tabarau.

"Merv, karo na ƙarshe. Don me ka cire shi?"

"Na ga lokaci ya yi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Glenys."

Ta juya. "Rowan, ka kalli bidiyon. Akwai wani abu a jifan Jarrod da ya nuna ya gaji?"

"Gudunsa bai ragu ba. Saitinsa bai kauce ba. Likita ya ce gwiwar hannun lafiya take."

"To a matsayinka na wanda ya yi wasan, mene ne ra'ayinka?"

Zai iya cewa ya bar wa kwamiti. Kalmomin suna bakinsa, ya ma shirya su tun safe. Ya dubi ƙarshen tebur. Merv yana kallonsa, babu roƙo a idonsa, babu tsoro, irin kallon da yake yi wa mai jifa daga rumfa, yana ƙirgawa.

"Ra'ayina," in ji Rowan, "wasan ya wuce shi. Tsoro ne ke yi masa aiki yanzu, ba ido ba. Tsoho ne mai jin kunyar abin da ya yi, yana sa wasu suna biya masa."

Glenys ta ce masu son a sallami Merv su ɗaga hannu. Takwas suka ɗaga. Na taran, wani tsohon malamin makaranta, ya ce shi bai gane komai ba, don haka ba ya goyon bayan kowane ɓangare.

Merv ya miƙe, ya sa hula, ya ciro makullan rumfa da na ɗakin kaya daga zobensa ɗaya bayan ɗaya, da farce, a hankali, kowa yana jira. Ya jera su a tebur. Glenys ta fara maganar liyafar ban-kwana da allon tunawa. Ya ce ta bar shi, ya fita.

Rowan ya tsaya tattara takardu har ya ga ba shi da sauran abin tattarawa. Da ya sauko, motar tana nan a bakin ƙofa, injin na aiki, Merv ya dafa gwiwar hannu a taga. Kwalta tana narkewa a ƙarƙashin takalmi.

"Zo nan," in ji Merv.

Ya je.

"Shirun, ni na roƙe ka, na gode. Wancan zagin na ƙarshe kuwa naka ne. Ban sa ka ba."

"Ƙarya na yi?"

"Ban ce ba. Cewa na yi naka ne, ka riƙe abinka." Ya duba madubi, ya gyara shi. "Gobe zai sa hannu. Watan jibi yana can, inda babu wanda ya san shi, ba ya jin yarensu, suna biyan sa kuɗi mai yawa. Za su tambaye shi yaya hannun. Ka san abin da zai ce."

Rowan ya dubi hannunsa na dama.

"Ka bari ya sa hannun, sannan ka zaunar da shi. Ka nuna masa bidiyon, ka naɗe hannun rigarka. Hutun wata uku, da maganar sauke gwiwar hannu. Kada ka ce daga ni ne."

"Me zai sa ya saurare ni?"

"Kafin yamma duk garin nan ya ji abin da ka faɗa a sama. Kai ne ka kore ni." Merv ya sa giyar mota. "Yanzu kai kaɗai ne zai saurara."

Motar ta ja a hankali, ta tsaya a bakin titi ta ba wata mata mai keken jariri hanya, sannan ta karya hagu ta nufi teku.

A sama aka buɗe taga. Glenys ta leƙo tana kare ido da hannu, tana tambayarsa ko yana da sunan wani koci da za a nema, gara a fara tun yanzu kafin sauran kulob su kwashe na kirki. Rowan ya ce yana zuwa. Bai motsa ba. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya ciro ta da hannun hagu. Jarrod ne. Ya bar ta tana ƙara, sau uku, sau huɗu, yana tsaye a rana, yana neman muryar da zai amsa da ita.